Tambaya da Amsa: Wari na Tashi Daga Sinki, In Sayi Gidan ko In Fasa?

TAMBAYA

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, na kusa ritaya, kuma na tara ɗan abin da ya samu domin in mallaki muhalli in huta da haya. Dillali ya kai ni wani gida mai ɗaki uku da falo, ginin zamani, tayil ko'ina. Mai shi ya tashi tun ƙarshen damina, gidan yana kulle har yau. Komai ya yi mini, sai dai muna shiga kicin wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni, haka ma a banɗakin babban ɗaki. Dillali ya ce warin rufi ne kawai, in an buɗe tagogi kwana biyu zai fita. Da na leƙa ƙarƙashin sinki sai na ga wani farin tiyo mai zobba-zobba ya miƙe daga gindin sinkin ya shige bango, ga kuma wata tsohuwar roba an ajiye a ƙasansa. Uwargida ta ce ita kam ba za ta yi girki cikin wannan wari ba. Shin wannan matsala ce da ta isa in fasa ciniki, ko ƙaramin gyara ne? In na koma, me ya kamata in duba?

Daga wani mai karatu, Kaduna.

AMSA

Malam, Allah ya sa a yi ritaya lafiya, ya kuma ba ka gidan in shi ne mafi alheri.

Kada ka fasa tukuna, kada kuma ka biya tukuna. Warin da ka ji yana iya fitowa daga ɗayan abu uku, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda bokitin ruwa ke magancewa, akwai wanda mai gyaran famfo zai gama a awa ɗaya ko biyu, akwai kuma wanda sai an fasa tayil an haƙa ƙasa. Aikinka shi ne ka gano wanne ne ke gabanka tun kuɗinka na hannunka.

A gindin kowane sinki, besin wanke hannu, bahon wanka da magudanar da ke ƙasan banɗaki, ya kamata a samu wata lanƙwasa a jikin bututu wadda ruwa ke kwanciya a cikinta kullum. Masu gyaran famfo na kiranta tirap. Duk sanda aka zuba ruwa, sabon ya ture tsohon ya wuce, wani kuma ya rage a lanƙwasar. Wannan ɗan ruwan da ya rage shi ne murfin da ke tsakanin kicin ɗinka da sokawe: ƙazanta ta gangara, iskar rami ba ta samu hanyar hawowa ba. Dabarar ta daɗe. Tun 1775 wani mai ƙera agogo a Landan, Alexander Cumming, ya yi rajistar masai mai irin wannan lanƙwasa, kuma har yau a kanta ake. Dokokin gini na Amurka sun ce zurfin ruwan ya kasance tsakanin inci 2 da inci 4. A Ingila ana neman milimita 75 ga sinki da besin, milimita 50 ga bahon wanka. Ka ga duk tsaron bai wuce tsawon yatsa ba, shi ya sa ƙaramin kuskure ke kawar da shi.

Uwargida na da gaskiya da ta ƙi. Iskar sokawe na ɗauke da haidirojin salfaid, shi ne mai warin ƙwan nan, da amoniya, da metan wanda ba shi da wari amma yana kama wuta. Shaƙar ta yau da gobe na kawo ciwon kai da tashin zuciya, kuma hanyar da iska ta bi ita kyankyasai da ƙananan ƙudaje ke bi. Abin da ya faru a Hong Kong a 2003 ya sa masana lafiya suka daina ɗaukar wannan lanƙwasa da wasa. A wani rukunin benaye da ake kira Amoy Gardens, cutar SARS ta kama mutum sama da 300, mutum 42 suka rasu. Binciken hukumomin Hong Kong da na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa tirap ɗin magudanar ƙasan banɗakuna da yawa ya bushe, domin mazauna na goge ƙasa da tsumma ne, ba sa kwara ruwa. Fankar da ke fitar da iska daga banɗaki sai ta riƙa janyo feshin ƙazanta daga babban bututu zuwa cikin gidaje. Ba ina nufin gidan da ka gani zai kawo annoba ba ne. Ina so ka san abin da wannan ɗan ruwan yake tarewa.

Maganar dillali kuwa, rabinta na iya zama gaskiya. Gidan da aka kulle tun ƙarshen damina ya ci hunturu a rufe, kuma busasshiyar iskar hunturu na shanye ruwan tirap cikin 'yan makonni in ba a amfani da shi. Mai yiwuwa abin da ya faru ke nan a banɗaki. Amma buɗe taga ba ya mayar da ruwa cikin bututu. Za ka kori warin jiya ne, na yau ya shigo. Gwajin da zai raba gardama shi ne ka zuba ruwa a kowace magudana, har da ta ƙasan banɗaki da aka fi mantawa da ita, ka buɗe tagogi na awa guda, sannan ka rufe gidan ruf ka dawo washegari. In wari ya tafi, bushewa ce. In ya dawo, da sauran magana.

A kicin ma dai ka riga ka ga amsar da idonka. Tiyon da ya miƙe daga sinki ya shige bango ba tare da lanƙwasa ba, ba ya riƙe ruwa, don haka babu murfi ko kaɗan. Ko an lanƙwasa shi ma ba abin dogaro ba ne, domin da an ture shi da tukunya ko galan zai sauya fasali, ga zobban cikinsa na tara maiƙo da tsakin abinci suna ruɓewa. Ana sa shi ne saboda araha da saurin aiki. Ita kuma robar da aka ajiye a ƙasa, ba a banza aka ajiye ta ba: wurin na yoyo, kuma wanda ya zauna a gidan ya sani.

In za ka koma, ka tafi da rana, ka riƙe tocila, da tishu, da tsumman da za ka toshe bakin sinki. Tunda gidan da babu kowa da wuya a samu ruwa a tanki, ka sa 'yan ga-ruwa su kai maka jarka uku ko huɗu. Ka tafi da mai gyaran famfon da kai ka sani, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. In ka tarar an turara gidan ko an fesa wani abu mai ƙamshi, ka bari sai ya lafa kafin ka yarda da hancinka.

Ka fara da kallo kafin ka taɓa ruwa. Ka durƙusa ka haska ƙarƙashin kowane sinki da besin, ka ga wane irin tirap ne. Mafi inganci shi ne wanda bututu ke sauka, ya lanƙwashe ya ɗan hau, sannan ya miƙe a kwance ya shiga bango. Masu sana'ar na ce masa mai siffar P. Na biyu shi ne mai kama da kwalba, wanda ya cika kasuwanninmu. Yana da sauƙin kwancewa a wanke, kuma ya dace da besin wanke hannu, amma a kicin yana saurin toshewa. Wani aibinsa shi ne abin da ke riƙe ruwan a ciki yake, in ya tsage ba za ka gani daga waje ba, shi ya sa nasa gwajin sai da ruwa da hanci. Na uku shi ne mai siffar S, wanda bayan ya lanƙwashe sai ya sake juyawa ya nutse ƙasa kai tsaye. Wannan ka sa masa ido. In ruwa mai yawa ya gangara a cikinsa, yana jan na bayansa ne, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo: da zarar ya fara gudu ba ya tsayawa sai ya kwashe har ruwan da ya kamata ya rage. Saboda haka ne manyan dokokin aikin famfo na Amurka suka hana sa shi a sabon gini.

Ka duba kauri da gangara. Besin na buƙatar bututu mai milimita 32, wato inci ɗaya da kwata, sinkin kicin kuma milimita 40, inci ɗaya da rabi. In an sa wa kicin ƙarami, toshewa ba za ta ƙare ba. Bututun da ke kwance ya kamata ya riƙa sauka da kusan santimita 2 a kowace mita. In ya daidaita ɗaya, ko ya koma yana hawa wajen bango, ruwa zai riƙa kwana a ciki da dattinsa. Kada kuma ka ga tirap biyu a jere a bututu ɗaya ka ce an ƙara tsaro. Iska na maƙalewa a tsakaninsu, ruwa ya riƙa tafiya da kyar. Sinki mai kwano biyu kuwa ba laifi su haɗu a tirap ɗaya.

Sai wurin da bututun ya shiga bango, inda mutane da yawa ba sa kallo. Sau da yawa za ka ga an zura siririn tiyo cikin bututu mai faɗi an bar gefe a buɗe. A irin wannan, ko da tirap ɗin na zinare ne, wari zai zagaye shi ya fito ta gefen. Dole mahaɗar ta kasance a rufe da zoben roba ko mahaɗin da ya dace. Ka kuma karanta tarihin wurin daga tabonsa: robar tayar keke da aka naɗe a mahaɗa, leda, salatif, gam da aka lafta, katakon kabad da ya kumbura ko ya yi baƙi, tsatsa a jikin noti. Ka zagaya ɗaya ɓangaren bangon ka ga ko fenti na ɓarewa, ko akwai farin gishiri a jikin filasta. Danshin da ya ratsa bango ya daɗe yana zuba, kuma gara na son irin wannan wuri. In an like tirap da gam gaba ɗaya babu notin da za a kwance da hannu, ka sani ranar da ya toshe sai an yanke shi.

Yanzu sai ruwa. Buɗe famfo ya ɗan tsiyaya ba gwaji ba ne, kusan kowane bututu zai iya da wannan. Ka toshe sinkin, ka cika shi har kusa da baki, ka zare toshiyar lokaci guda. Abu uku za ka lura da su. Na farko gudun ruwan: lafiyayyen bututu na janye shi ba tare da tsayawa ba. Na biyu yoyo: ka bi kowace mahaɗa da busasshen tishu daga sama zuwa ƙasa, domin ruwa na bin jikin bututu ya ɗiga a wani wuri daban, kuma wuri mafi tsawo da ya jiƙe shi ne tushen. Na uku sauti: in ruwan ya ƙare ka ji ƙarar gulgul mai tsawo kamar ana zuƙa, iska ce ke ratsa tirap, alamar ana janye masa ruwa. Ka haska tocila cikin ramin besin ka ga ko akwai ruwan da ya kwanta. A ƙa'idar Ingila, bayan irin wannan gwaji dole a samu aƙalla milimita 25 da ya rage.

Daga nan ka tsaya a bakin besin ka sa wani ya kwara bokiti a masan da ke kusa, in bene ne a na sama ma. Idan besin da ba a taɓa ba ya yi gulgul, ko ruwan cikinsa ya motsa, ko wari ya taso, to matsalar ta wuce ƙarƙashin sinki. Ko dai babu bututun shan iska, ko ya toshe, ko babban bututun da ke ƙasa ya fara cikewa. Ruwa mai gangarowa a bututu na tura iskar gabansa yana jan ta bayansa, in bai samu inda zai ja iska daga waje ba sai ya ja ta cikin tirap mafi kusa. Nisa ma na da tasiri. Ƙa'idar Ingila ta ce bututu mai milimita 40 kada ya wuce mita 3 kafin ya haɗu da babban bututu in ba a ba shi hanyar iska ba, mai milimita 32 kuma kada ya wuce mita 1.7.

Wannan zai fitar da kai waje. Ka bi bangon banɗakuna ka nemi bututun da ya miƙe sama, bakinsa a buɗe. Ya kamata ya zarce rufi, nesa da taga. Wasu magina na barin sa gaba ɗaya, wasu su yanke shi a ƙasan tagar ɗaki, iska ta riƙa mayar da warin ciki. A gidan da ya daɗe a kulle, tsuntsu ko zanzaro na iya toshe shi. Ka sa a ɗaga murfin ƙaramar cembar da ke kusa da kicin da ta banɗaki, wani ya zuba ruwa daga cikin gida, kai kana kallon cembar. In ruwan ya iso da ƙarfi ya wuce, madalla. In ya iso yana tsiyaya, akwai toshewa ko karaya a hanya, kuma in da darbejiya ko wata bishiya a kusa, saiwa ce abin zargi na farko. In kuwa ka tarar da ruwa kwance a cembar alhali watanni ba a yi amfani da gidan ba, wannan babbar alama ce: sokawe ya cika ko ƙasar ba ta shan ruwa. Ka tambayi maƙwabta yadda layin yake a watan Agusta, domin ramin da ya yi lafiya da rani yana iya tumbatsa da damina. A gidaje da dama ruwan kicin kwata yake fita kai tsaye. Ko a nan ma ana buƙatar tirap, don warin kwata da ƙwarinta ta nan za su shigo.

Ina gargaɗinka da babbar murya: kada kowa ya zura kai cikin sokawe, kada a kunna ashana ko sigari a bakinsa, kada kuma a sa yaro ya shiga. Haidirojin salfaid in ya yi yawa yana kashe jin wari, mutum ya ɗauka babu komai, sai kawai ya faɗi. Rayuka na salwanta ta wannan hanya, har da na waɗanda suka shiga ceto.

In duk wannan ya fita lafiya amma wari bai tafi ba, ka shinshina ɗan ramin da ke saman besin wanda ke hana ruwa ambaliya, yakan tara datti mai wari. Ka girgiza masai ka ga ko yana motsi, domin in mahaɗarsa ta saki wari na fita ta gindinsa. Mushen ɓera a silin ma yana rikita mutane. In kuma akwai tukunyar gas a kusa, ka tabbata ba ita ke yoyo ba, warinta na kama da wannan.

To, ga yadda za ka yanke hukunci. In bushewa ce kawai, babu abin tattaunawa. In rashin tirap ne, ko yoyon mahaɗa, ko ramin bango da aka bari a buɗe, wannan ƙaramin gyara ne, bai kai a fasa gida a kansa ba. A cire tiyon a sa tirap na gaske da bututu mai ƙarfi, a canza katakon da ya ruɓe. In tirap mai siffar S ne ko sinki ɗaya ne ke rasa iska, akwai ɗan bawul da ake ɗaurawa ƙarƙashin sinki, yana barin iska ta shiga ba ya barin ta fita, sai dai ba ya maye gurbin babban bututun da ke kan rufi. Amma in ka ga magudanai da yawa na jinkiri tare, ko ruwa na dawowa ta ƙasan banɗaki, ko cemba na riƙe ruwa, ko bango ya jiƙe daga ciki, wannan aikin fasa tayil ne da haƙa, wani lokaci har sabon rami. Nan ne za ka sa mai gyaranka ya rubuta maka kiyasi, ka ajiye shi a gaban mai gida.

A Amurka duba gida kafin saye sana'a ce mai zaman kanta, har suna da ƙungiyarsu tun 1976. Mai saye ne ke ɗaukar mai dubawa, ya ba shi rahoto a rubuce, da shi ake neman ragi ko a janye. Mu a nan ba mu saba da haka ba, nauyin na kan mai saye. Gaskiya ne a fiƙihun ciniki bai halatta mai sayarwa ya ɓoye aibin da ya sani ba, kuma mai saye na da magana in ya gano ɓoyayyen aibi daga baya. Amma aibin da ka gani da idonka ka yi shiru ka biya, da wuya ka samu mai saurarenka, ko wajen malamai ko a kotu. Shi kuma dillali, ba sai ya zama maƙaryaci ba. La'adarsa ce ba ta fitowa sai an ƙulla ciniki, don haka ba shi ne zai tono maka abin da zai jinkirta shi ba. Duk abin da kuka amince, ko mai gida ya gyara kafin a biya ko a rage kuɗin gyara daga farashi, a rubuta shi cikin takardar ciniki a gaban shaidu. Ragin ya fi, domin in kai ka sa aka yi aikin ka san abin da aka binne.

In Allah ya sa kun tare, a kiyaye abu kaɗan. Kada a juye manja, man suya ko romon nama a sinki, suna daskarewa a bututu. A sa 'yar rariya a bakinsa ta tare tsakin shinkafa da ƙanzo. Da hunturu a riƙa kwara ruwa mako-mako a banɗakin baƙi da duk magudanar da ba a amfani da ita, in za a yi doguwar tafiya a ɗiga cokali ɗaya na man shafa jarirai a kai, yana rage bushewa. Tafasasshen ruwa na sassauta bututun roba, a bari ya ɗan huce. Kada kuma a taɓa haɗa asid ɗin buɗe bututu da bilic, hayaƙin da ke fita guba ne.

Shawarata, Malam, ka nemi makullin gidan na kwana biyu ka yi waɗannan gwaje-gwaje, uwargida na wurin. Mai gidan da ya san gininsa lafiya yake ba zai hana ka ba. In aka hana, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.